Yadda Na Yi wa Sarkin Ingila Alkawari

Ranar Alhamis 12 ga watan Disamba 2019 aka yi babban zaɓe a Birtaniya. Na raka matata wurin jefa ƙuri'a a unguwarmu cikin birnin Manchesta. Ta shiga, ni kuwa na tsaya a bakin ƙofa, hannu ɗaya riƙe da lema, ɗaya riƙe da ƙaramar 'yarmu. Jirgi ɗaya ya kawo mu ƙasar a 2016, haraji ma ni na fi ta biya. Amma ita 'yar Nijeriya ce, daga wani ƙauye a ƙasar Katsina, ni kuwa ɗan Nijar ne, daga ƙasar Maraɗi. Dokar Birtaniya ta yardar wa mutanen ƙungiyar ƙasashe renon Ingila su yi zaɓe, in dai suna zaune a ƙasar da izini. Nijeriya tana cikin ƙungiyar, Nijar ba ta ciki.

Tsakanin garinmu da nasu bai kai tafiyar yini a mota ba. Sarkin Maraɗi ma har yau Sarkin Katsina ake ce masa, gama kakanninsa daga can suka taso a zamanin jihadi. Turawan Ingila da na Faransa ne suka zauna a 1890 suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin tafkin Chadi, suka yi ta gyara shi har 1906. Da suka gama, gidan surukaina ya faɗa hannun Ingila, gidan ubana ya faɗa hannun Faransa. Saboda wannan layi na sha ruwan sama a ranar nan.

Ni malamin asibiti ne. A Nijeriya na koyi aikin, a can na koyi Ingilishi, a can kuma na yi aure. Bizar aiki ta kawo mu Ingila, kuma bisa ga ka'idar wancan lokaci, wanda ya cika shekara 5 yana iya neman takardar zaman dindindin, bayan shekara guda kuma ya nemi zama ɗan ƙasa. Amma kafin a ba shi, sai ya ci wata jarrabawa ta sanin tarihin ƙasar da al'adunta da dokokinta da tsarin mulkinta. A 2005 aka fara yinta ga masu neman zama 'yan ƙasa, a 2007 aka ɗora ta a kan masu neman zaman dindindin su ma. Tambaya 24 ce a kwamfuta, cikin minti 45, sai mutum ya ci 18. Kowane zama fam 50 na biya. Wanda bai kai shekara 18 ba, da wanda ya kai 65, an ɗauke musu.

Abin da ya sa maganar ta yi mini nauyi shi ne 'yarmu. A Manchesta aka haife ta, ba ta san wata ƙasa ba. Mutane da yawa a gida suna tsammani duk wanda aka haifa a Ingila ya zama ɗan Ingila. Tun 1983 ba haka ba ne. Sai in ɗaya daga cikin iyaye ɗan ƙasa ne, ko yana da zaman dindindin. Saboda haka takardar yarinyar nan tana rataye da tawa, tawa kuwa tana rataye da tambayoyin nan 24.

Na sayi littafin da gwamnati ta buga domin jarrabawar. Daren farko da na buɗe shi a wurin aiki, bayan marasa lafiya sun yi barci, sai na ji kamar mutumin da ya daɗe yana sauraron ƙarar wata mata a kan kishiyarta, yau kuma kishiyar ta zo da tata. A lakwal ɗinmu da Faransanci muka yi karatu, tarihin Turai kuma ta bakin Faransa muka ji shi. Mushe ya koya mana juyin juya hali na 1789, da Napoliyon gwarzo, da budurwar nan Jan Dark wadda Ingilishi suka sa aka ƙone ta a 1431. Ga shi yanzu ana so in haddace cewa Sarki Henri na Biyar ya ci Faransawa a Ajinkur a 1415 ko da yake sun fi shi yawa, Nelsan ya farfasa jiragen ruwansu a Tarafalga a 1805, Welintan kuma ya gama da Napoliyon a Watalu a 1815. A Paris akwai tashar jirgin ƙasa da aka sa wa sunan Ostalis, inda Napoliyon ya yi nasara. A Landan kuwa tashar Watalu ce. Daga 1994 har 2007 duk Bafaranshen da ya hau jirgin da ke bi ta ƙarƙashin teku zuwa Landan, a Watalu ake sauke shi. Na tabbata wani ya yi dariya ranar da aka yanke wannan shawara.

Wuri ɗaya Faransancina ya yi mini rana. A 1066 Wiliyam, mai mulkin Normandi a arewacin Faransa, ya haye teku ya kashe Sarki Harol a Hestins, ya ci Ingila. Shekaru da yawa bayan haka fada da kotu da Faransanci suke magana, talakawa suna nasu harshen, har biyun suka gauraya suka zama Ingilishin da muke ji. Shi ya sa mai jin Faransanci yakan tsinci kalmomin shari'a da na mulki a Ingilishi kamar kayansa da aka ara ba a mayar ba. Har wa yau akwai lokutan da ake sanar da majalisa yardar sarki ga sabuwar doka da tsohon Faransancin Normandi.

Na yi wa jarrabawar nan raini, ba zan ɓoye ba. Na ce mutumin da ya haddace sunayen ƙasusuwan jiki da harsuna biyu, wannan ba za ta dame shi ba. A watan Oktoba 2021 muka tafi tare da matata. Aka duba fasfo, aka karɓe waya da agogo, aka zaunar da kowa gaban kwamfutarsa. Ita ta ci. Ni na fāɗi. A hanyar komawa gida ba ta ce kome ba sai da muka kusa sauka daga bas, sa'an nan ta ce, "Maigida, in ba ka littafina? Na ja layi a wuraren da ake tambaya." Saura mako 7 bizarmu ta ƙare. Doka kuwa ta ce wanda ya fāɗi sai ya jira kwana 7 kafin ya sake zama.

Ƙananan abubuwa ne suka kayar da ni. A ganina ƙasa ɗaya ce mai suna Ingila, ashe huɗu ne aka ɗaure wuri ɗaya: Ingila, da Wels, da Sikotlan wadda ta haɗe da su a 1707, da Ailan ta Arewa, wato abin da ya rage bayan kudancin Ailan ya ɓalle a 1922. Kowace da waliyyinta da ranarsa, Dauda na Wels 1 ga Maris, Fatrik na Ailan 17 ga Maris, Joj na Ingila 23 ga Afrilu, Andarawas na Sikotlan 30 ga Nuwamba. Tutar ƙasar gicciye uku ne aka ɗora wa juna, na Joj da na Andarawas da na Fatrik, Wels ba ta da alama a ciki. Mutanen gari da akan zaɓo su saurari babbar shari'a su ce mutum ya yi laifi ko bai yi ba, 12 ne a Ingila, amma 15 a Sikotlan. Irin waɗannan ne na riƙa juyawa. Da na kai tambayoyin wurin aiki, abokan aikina haifaffun ƙasar suka yi ta kuskure suna dariya. Ni ban yi dariyar ba, gama ba wanda zai kore su in sun kāsa.

Babban ɗana, wanda yake da shekara 12 a lokacin, shi ya zama malamina. Kowace yamma yakan zauna da littafin uwarsa ya ce, "Baba, matan Henri na Takwas nawa ne, kuma yaya kowace ta ƙare?" Shida ne. Biyu ya rabu da su, biyu ya sa aka sare musu kai, ɗaya ta rasu bayan haihuwa, ɗaya ta ga bayansa. Na ce masa da a ikkilisiyarmu ta gida ne, da tun a kan ta biyu dattawa sun hana shi cin Jibin Ubangiji. Amma wannan mutum ne, sa'ad da Paparoma ya ƙi raba aurensa na fari, ya fitar da ikkilisiyar Ingila daga hannun Roma a 1534, ya naɗa kansa shugabanta. A nan na daɗe ina tunani, gama tarihinmu ne mu ma. A 1536 aka shaƙe Wiliyam Tindel, wanda ya juya Sabon Alkawari zuwa Ingilishi, aka ƙone gawarsa kusa da Burusel. Shekara uku bayan haka Littafi Mai Tsarki na Ingilishi yana ajiye a majami'un ƙasar bisa ga umarnin sarki. A 1611 fassarar Sarki Jems ta fito. Ƙungiyar Littafi Mai Tsarki da aka kafa a Landan a 1804 ita ta buga cikakken Littafin da Hausa a 1932, irin wanda ubana yake da shi, mai baƙin bango, wanda ya ɗinke da zare har sau biyu.

An koya mana a lakwal cewa gwamnati dabam, addini dabam, yadda Faransa ta yi tun 1905. A Ingila ba a raba su ba. Sarki shi ne babban gwamnan Ikkilisiyar Ingila, doka ta hana ɗan Katolika hawa gadon sarauta, bishop-bishop 26 kuma suna da kujeru a majalisar sama, wadda ba a zaɓen mutanenta. Wanda ya ji haka daga nesa zai ce ai ƙasar masu bi ce ƙwarai. Amma a ƙidayar 2021, kashi 46 cikin 100 ne kaɗai na mutanen Ingila da Wels suka ce su Kirista ne, kashi 37 suka ce ba su da addini. Majami'ar da muke sujada an gina ta domin ɗaruruwa, ranar Lahadi kuwa ba mu cika 40 ba, rabinmu baƙi ne daga Afirka da Asiya. Mu da muka girma 'yan tsiraru a ƙasarmu, ba sarki a bayanmu, rumfar zana ma takan cika har waje.

Abin da na fi girmamawa cikin dukan abin da na karanta shi ne yadda mutanen nan suka sa sarkinsu ƙarƙashin doka, kuma ba da sauƙi ba. A 1215 manyan ƙasa suka tilasta wa Sarki Jon ya amince da takardar Magna Karta. A 1649 majalisa ta yi wa Sarki Chals na Ɗaya shari'a, aka sare kansa, ƙasar ta yi shekara 11 ba sarki. A 1679 aka yi dokar da ta ce duk wanda aka tsare, dole a kawo shi gaban alƙali. A 1689 aka rubuta cewa sarki ba zai sa haraji ko ya dakatar da doka ba sai da yardar majalisa. Ba su da littafi guda na tsarin mulki irin namu, sai tarin dokoki da hukunce-hukunce da al'ada. Talaka kuwa ya daɗe bai ga rabonsa ba. A tsakiyar Manchesta a 1819 mahaya dawakai suka afka wa taron masu neman 'yancin zaɓe da takuba, mata kuma sai a 1928 suka sami ƙuri'a daidai da maza.

Inda raina bai kwanta ba shi ne zancen bayi da mulkin mallaka. Gaskiya ne Wilbafos da 'yan'uwa masu bi sun yi fama har aka hana cinikin bayi a 1807, aka 'yanta bayin daular a dokar 1833. Amma fam miliyan 20 da gwamnati ta biya diyya, iyayengijin bayi aka ba, bayin ba su sami ko anini ba. Masaƙun da suka gina Manchesta kuma sun daɗe suna saƙa audugar da bayi suka noma a Amurka. A 2020 masana tarihi fiye da 180 suka rubuta wa gwamnati takarda suna cewa littafin jarrabawar ya yi wa wannan tarihi kwalliya. Ni dai na haddace amsar da ake so, na riƙe sauran a zuciyata.

A zama na biyu na ci. Muka sami zaman dindindin, aka rubuta 'yarmu a cikin 'yan ƙasa. Sarauniya Elizabet, wadda na haddace kome nata, ta rasu ranar 8 ga Satumba 2022 bayan shekara 70 a kan gado. A 2023 na nemi zama ɗan ƙasa. Ban ji tsoron rasa Nijar ba, gama tun 2014 dokarmu ta yarda mutum ya riƙe ƙasa biyu. Ina tsammani wuya ta wuce, sai takardar gayyata ta zo da wata tambaya wadda ba ta cikin littafi. Tun 2004 ba a ba mutum shaidar zama ɗan ƙasa sai ya tsaya a bainar jama'a ya yi wa sarki mubaya'a. Hanya biyu ce. Ko ya rantse da Allah Maɗaukaki, ko ya yi alkawari da bakinsa kawai ba tare da ambaton Allah ba. Aka ce in zaɓa.

Ubana mai bishara ne, daga cikin masu bi na fari a ƙauyenmu. Ina yaro aka yi gardamar iyakar gona tsakaninsa da wani ɗan'uwansa. Aka je gaban mai gari, ba shaida, aka ce kowa ya rantse. Ɗan'uwan ya rantse da aradu yadda aka gāda. Aka ce wa Baba ya dafa Littafinsa ya rantse, ya ƙi. Ya ce Ubangiji ya hana a Matiyu sura 5, Yakubu ma ya maimaita a wasiƙarsa, maganarsa ita ce shaidarsa. Aka ba wancan fadamar. Shekaru muna sayen hatsi a watan bakwai saboda wannan, uwata kuma ba ta daina ambatonsa ba har ta rasu. A gidanmu ko "wallahi" ba a cewa.

Matata ta ga abin ta wata fuska. Ta ce a ƙasar da kowa yake jin kunyar sunan Allah, in aka ba mai bi dama ya ambace shi a gaban hukuma, ya kuma zaɓi hanyar marasa addini, wace shaida ya bayar? Maganarta tana da ƙarfi. Na kai wa fastonmu, wani dattijo Bature mai son tarihi. Ya nuna mini cewa cikin ka'idodin bangaskiya 39 na Ikkilisiyar Ingila, ta ƙarshe a kan wannan take, ta ce rantsuwar banza ce aka hana, amma mai bi yana iya rantsewa in hukuma ta bukata a kan gaskiya. Sa'an nan ya ce mini kada in ɗauka hanya ta biyu domin marasa addini aka fara yinta. Masu bin nan da ake kira 'yan Kweka ne suka ƙi rantsuwa saboda ayoyin da Baba ya riƙe, aka yi ta zuba su a kurkuku. Shugabansu Joj Foks, a 1664 aka kulle shi a Lankasta, arewa da mu kaɗan, domin ya ƙi rantsuwar mubaya'a. Kafin ƙarni na 17 ya ƙare majalisa ta gaji, ta yardar musu su yi alkawari kawai. Marasa addini sai a 1888 doka ta buɗe musu ƙofar sosai, bayan wani ɗan majalisa mai suna Chals Biradlo ya yi shekaru ana hana shi kujerarsa.

Na kira gida. A lokacin sojoji sun karɓi mulki a Yamai, an rufe iyaka tsakanin Maraɗi da Katsina, kaya sun yi tsada, Baba kuma ƙafa ta hana shi fita. Ƙanena ya riƙe masa waya. Na faɗa masa duka, har da maganar matata. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Sarkin nan, me za ka yi masa alkawari a kai?" Na ce zan yi masa biyayya, shi da magadansa bisa ga doka, zan girmama 'yancin mutane, in kiyaye dokokin ƙasar. Ya ce, "Za ka iya?" Na ce zan iya. Ya ce, "To, faɗa masa hakanan. Irmiya ma ya ce wa mutanenmu a Babila su nemi lafiyar garin." Game da matata kuwa ya ce kowa da lamirinsa, kada in matsa mata.

Ranar bikin muka taru a zauren majalisar gari, mu wajen 30. Ga hoton Sarki Chals na Uku, ga tuta, ga magajin gari da sarƙar zinariya a wuya. Aka raba mu kashi biyu. Matata ta tsaya cikin masu rantsuwa, tare da Musulmi da Hindu da wasu 'yan'uwa daga Gana, su ne suka fi yawa. Ni na tsaya cikin 'yan kaɗan a ɗaya gefen. Wanda ke kusa da ni ya raɗa mini cewa ya ji daɗin ganin ɗan Afirka wanda ya wāye ya bar addini. Ban sami zarafin amsa masa ba, gama an riga an fara kiran sunaye. Bayan an gama na same shi wurin shan shayi, na ba shi labarin fadamar Baba. Ya saurara har ƙarshe, shayinsa ya huce.

Ranar Alhamis 4 ga Yuli 2024 aka sake babban zaɓe, kujeru 650, kowace mazaɓa wanda ya fi yawan ƙuri'a shi ya ci, ba zagaye na biyu irin namu. A ɗakin taron majami'armu aka sa akwatin. Na nuna sabon fasfona, aka ba ni takarda, na shiga lungu na tarar da guntun fensir ɗaure da zare. Matata daga baya tana cewa, "Maigida, gicciye ɗaya tak, kada ka yi biyu." Da yamma na kira gida ta WhatsApp na ce wa Baba na yi zaɓe. Ya ce in ɗaga yatsa ya gani. Na ɗaga, ya kawo fuskarsa kusa da wayar ya duba, ya ce bai ga tawada ba. Na ce a nan ba a shafawa. Ya juya wajen ƙanena ya ce, "To, ta yaya suke sanin bai koma ya sāke ba?"